Saitin Motar Tseren Rimot: Me Ya Sa Taka Take Ƙin Kwana?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau zancen mota za mu yi, amma ƙarama, wadda ake tuƙawa da rimot. Na san wani zai ce ai wannan kayan wasan yara ne, irin wadda ake sayo wa yaro, kwana uku ta mutu. To akwai wannan, akwai kuma wata daban wadda manya masu gemu suke tsere da ita a Amurka da Japan da Turai, a kan hanyar ƙasa mai tudu da gargada da kwanoni. Ita wannan tana da shokozoba mai mai a ciki, tana da sifirin, tana da giya, kuma kusan duk wani noti da ke jikinta in ka taɓa shi sai tafiyarta ta canza. Wannan taɓe-taɓen shi ake kira saiti, kuma shi ne batunmu na yau.

Iri biyu suka fi suna a tseren ƙasa. Akwai 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske. Da batir take aiki, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi, wata tana ja da tayoyin baya kawai, wata da duka huɗun. Sai 1/8, wadda ta haura kilo uku, kuma da yawansu ɗan inji ne da su mai girman 3.5cc da ke shan wani mai na musamman da ake kira naitiro. Akwai hukumar duniya mai suna IFMAR, wadda aka kafa a 1979, ita ke shirya gasar duniya. A 1984 kamfanin Team Associated ya fitar da wata mota mai suna RC10, kuma a 1985 aka yi gasar duniya ta farko ta 1/10 a kan ƙasa a garin Del Mar na jihar Kalifoniya. Wani ɗan Japan, Masami Hirosaka, shi kaɗai ya ci kambun duniya sau 14 a ajujuwa daban-daban. Ka ga kenan abin ba na yara ba ne.

Me ake nema da saiti?

Yawancin sababbin shiga gudu suke nema. Ni kuma abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni shi ne, ka nemi motar da za ta yi maka biyayya daga farkon tsere har ƙarshe.

Ga dalili. A ajin 1/10 yawanci minti biyar ake yi, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Direbobi suna tsaye a kan wani dandamali, ba wanda zai sauko ya taɓa motarsa. In taka ta kife, sai ka jira ɗaya daga cikin mutanen da aka ajiye a gefen hanya ya rugo ya tayar da ita. A ce zagaye ɗaya daƙiƙa 20 ne, kenan zagaye 15 za ka yi. A ce kuma ka matsa saiti har ka rage daƙiƙa 0.2 a kowane zagaye. Duka ribarka daƙiƙa uku ce. Kifewa ɗaya tak za ta iya cinye wannan ribar har da ƙari, wani lokacin ma ta karya maka hannun taya, ka koma jiran kayan gyara daga waje da kuɗin dala. A 1/8 kuwa, wasan ƙarshe na gasar duniya awa guda cur ake yi. Motar da take da zafin kai ba za ta kai ka ko'ina ba a cikin awa guda.

Duk maganar nauyi ce

In ka gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne. Ka tuna lokacin da kake cikin A Daidaita Sahu direba ya taka burki, jikinka ya yi gaba. Ya ba ta wuta, ka koma baya. Ya sha kwana, ka kwanta gefe. Haka nauyin ƙaramar motar nan yake yawo a kan tayoyinta. Tayar da nauyi ya danna tana kama ƙasa, wadda nauyi ya bari tana sakin ƙasa. Saiti kawai shi ne ka tsara inda nauyin zai je, da saurin da zai je.

Daga nan cututtuka biyu suke fitowa. Ta farko ƙin kwana: ka juya sitiyari, motar ta ci gaba da miƙewa saboda tayoyin gaba ba su kama ba. Ta biyu kwashewar baya: gaba ya kama sosai, baya ya sulɓe, motar ta juyo tana kallonka. Kuma kowace kwana kashi uku ce: shiga, lokacin da ka saki totur ko ka taɓa burki, tsakiya, sai fita, lokacin da ka sake ba ta wuta. Kada ka ce kawai "motata ba ta kwana". A ina? A shiga ko a fita? Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Lafiya kafin kwalliya

Kafin ka canza komai, duba ko motar lafiyarta ƙalau. Cire tayoyi da shokozoba, ka ɗaga hannayen da suke riƙe taya, ka sake su. Ya kamata su faɗo da kansu. In ɗaya ya maƙale, ko dai ƙarfen da yake juyawa a kai ya lanƙwashe, ko ƙasa ta shiga. Juya kowane boris da yatsa ka ji ko yana ƙaiƙayi. Auna shokozoban hagu da na dama, tsawonsu ya zo ɗaya. Motar da take shan kwanar hagu da kyau amma ta ƙi ta dama, ba saiti ke damunta ba, wani abu ne ya karkace.

Taya ita ce uwa

In kuɗinka na abu ɗaya ne, sa shi a taya. Babu wani saiti da zai gyara tayar da ba ta dace da ƙasar ba. A ƙasa mai laushi da rairayi, taya mai dogayen haƙora masu tazara ake so, don ta huda ta kama. A ƙasa mai tauri da aka daddaɓe, ƙananan haƙora masu yawa. A filayen cikin ɗaki na yumɓu mai danshi kuwa, za ka ga tayar kusan sumul take, kamar wadda ta suɗe.

Sai taurin robar. Cikin sanyi roba mai taushi ta fi kamawa. Cikin zafin rana mai taushin tana saurin cinyewa, haƙoranta suna lanƙwashewa, sai a koma mai ɗan tauri. Tayoyin nan ba a yi musu iska, soso ne a ciki, kuma da sufa gulu ake manne su a jikin wili. In gam ɗin ya saki a gefe ɗaya, motar za ta riƙa yi maka abin da ba ka gane ba. Shawara mafi arha ita ce, in ka je fili, ka leƙa tayar wanda ya fi kowa sauri, ka fara da irinta.

Tsayin ciki daga ƙasa

Wannan shi ne tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa. Yadda ake auna shi: ka sa batir da komai kamar za a fara tsere, ka ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, ka sake ta a kan teburi mai lebur, sannan ka auna gaba da baya. A 1/10 mai ja da baya, a kan ƙasa, mutane suna yawo tsakanin milimita 21 zuwa 24. A kan kafet suna sauka ƙasa da 20.

In ka sauke ta, ba ta saurin kifewa a kwana, amma cikinta zai riƙa dukan ƙasa a gargada. In ka ɗaga ta, tana haye gargada lafiya, tana samun ƙarin kamu a ƙasa mai santsi, amma a inda ƙasa ke kamawa sosai sai ta tuntsura. In gaba ya ɗan fi baya sauka, tana ƙara shiga kwana. Milimita ɗaya ma ana jin bambancinsa, don haka a hankali.

Sifirin da man shokozoba

A nan mutane suka fi rikicewa, to a saurara. Sifirin shi ke yanke iya nisan da motar za ta kwanta. Man da ke cikin shokozoba shi ke yanke saurin kwanciyar.

Ƙa'idar sifirin a taƙaice: ɓangaren da ya fi taushi yakan fi kama ƙasa. In tana ƙin kwana, sa mai ɗan taushi a gaba. In baya yana kwashewa, sassauta na baya ko ka ƙara taurin na gaba. Wani abu da ya kamata ka sani, murɗa zoben da ke saman sifirin ba ya ƙara masa tauri, tsayin mota kawai yake canzawa. In tauri kake so, sai ka canza sifirin ɗin gaba ɗaya.

Man kuwa na silikon ne, kuma a jikin kwalbar za ka ga lamba. Wasu kamfanoni suna rubuta wt, wasu cSt. A ma'aunin Team Associated, 30wt daidai yake da 350cSt, 35wt kuma 425cSt. Lambar wt ta wani kamfani ba lallai ta zo ɗaya da ta wani ba, saboda haka ka tsaya a kan kamfani ɗaya. A 1/10 yawanci tsakanin 27.5 da 35 ake wasa. Mai kauri yana sa motar ta natsu, ta sauka daga tsalle ba tare da ta doki ƙasa ba, amma a ƙananan gargada sai ta riƙa tsalle-tsalle kamar fara. Mai ruwa-ruwa yana shanye gargada, amma a babban tsalle cikinta zai bugu.

A cikin shokozoban akwai ɗan fistin mai ramuka, irin su rami biyu masu faɗin milimita 1.6 ko 1.7, ta nan man yake wucewa. Ƙananan ramuka da mai mai ruwa suna ba ka taushi a tafiyar yau da kullum, sannan su yi turjiya lokacin da aka buga da ƙarfi, wato wajen sauka daga tsalle. Manyan ramuka da mai mai kauri sun fi dacewa da hanya mai yawan gargada wadda ba ta da manyan tudu. Kuma in kana zuba mai, ka motsa fistin a hankali, ka bar kumfar iska ta fito kafin ka rufe.

Tsayuwar tayoyi

Tsaya a gaban motar ka dube ta. Za ka ga saman tayoyin ya ɗan karkato ciki, kamar ƙafar mai gwame. Wannan shi ake kira kamba, kuma da gangan ake yin sa. In mota ta kwanta a kwana, tayar waje tana miƙewa ta zauna daram a ƙasa. Digiri ɗaya zuwa biyu ya isa. In ka ga gefen ciki na tayar yana cinyewa da sauri fiye da na waje, karkatar ta yi yawa.

Yanzu dube ta daga sama. Tayoyin baya bakinsu a ɗan tsuke yake, suna kallon juna ta gaba, yawanci wajen digiri uku. Wannan tsukewar ita ke riƙe baya lokacin da ka ba ta wuta. Ƙara ta, baya ya natsu amma kwana ta ragu, gudun miƙaƙƙiyar hanya ma ya ɗan ragu. Rage ta, motar ta saki jiki ta juya, amma sai ka iya riƙe ta. Tayoyin gaba kuma a miƙe ake barinsu ko a ɗan buɗe bakinsu kamar digiri ɗaya, don ta yi saurin shiga kwana.

Giyar raba gudu

In mota tana kwana, tayar waje ta fi ta ciki yin nisa. Akwai wata giya da ake kira dif wadda ke ba su damar juyawa da gudu daban-daban. A motar 1/8 guda uku ne: gaba, tsakiya, baya, kuma kowace man silikon ne a cikinta, amma mai kauri sosai. Za ka ji 'yan tsere suna cewa "ni 7-7-3 nake", ma'ana 7000 a gaba, 7000 a tsakiya, 3000 a baya. Wannan wurin farawa ne mai kyau.

Mai ruwa a gaba yana ƙara shiga kwana in ka saki totur. Mai kauri a gaba yana rage shigar, amma yana jan motar ta fita da ƙarfi. A tsakiya, in man ya yi ruwa da yawa ƙarfin injin zai gudu zuwa gaba, ka ga tayoyin gaba sun kumbura suna juyawa a banza. In ya yi kauri, tashinta zai yi zafi amma sai ta yi wuyar riƙewa a santsi. A baya kuma mai ruwa yana barin ta juya cikin sauƙi a tsakiyar kwana.

Inda nauyi ya zauna

Tsofaffin motoci irin RC10 injinsu a can baya yake, bayan tayoyin baya, saboda filayen wancan lokacin ƙasa ce mai santsi, ana buƙatar nauyi ya danna baya. Da filaye suka koma yumɓu da kafet masu kamu sosai, sai aka dawo da injin tsakiya don motar ta fi saurin kwana. A gasar duniya ta 2015 da aka yi a Yatabe Arena a Japan, kan ciyawar roba aka yi tseren gaba ɗaya. Ka ga ƙasar ce take faɗa wa mota yadda za ta kasance.

Kai ma kana da irin wannan damar a hannunka ba tare da sayen komai ba. Matsar da batir gaba, gaba ya ƙara kamu. Matsar da shi baya, baya ya ƙara kamu wajen fita.

A cikin iska

Wannan shi ya fi burge sababbi. Motar tana sama ma kana iya tuƙa ta. In hancinta ya yi ƙasa, ɗan ba ta wuta, juyawar tayoyi za ta ɗago shi. In hancin ya yi sama, saki totur ko ka ɗan taɓa burki, sai ya sauko. A mai ja da tayoyi huɗu abin ya fi ƙarfi. Abin da kake nema shi ne ta sauka a gangaren tudun, tayoyi huɗu kusan tare, don ka samu ba ta wuta nan take. Tsalle mai tsayi na hoto ne, duk lokacin da taya ba ta taɓa ƙasa ba, motar ba ta ƙara gudu.

Kada ka manta da rimot ɗin kansa. Yawancinsu suna barin ka rage iyakar juyawar sitiyari da ƙarfin totur. A fili mai santsi, rage totur zuwa kashi 80 cikin ɗari yakan sa zagayenka ya fi sauri, don tayoyi sun daina juyawa a banza.

Yadda nake bi

Abu ɗaya nake canzawa a lokaci ɗaya. In ka canza taya da mai da sifirin a tare motar ta gyaru, ba ka san wanne ya yi aikin ba. In ta lalace, ba ka san wanne za ka mayar ba.

Ina farawa da saitin da ya zo a littafin motar, don kamfanin ya riga ya gwada shi. Sai in yi zagaye goma, wani ya riƙe min agogon waya. Ba zagayen da ya fi sauri nake dubawa ba, ina duba tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri. Sai in canza abu ɗaya, in sake goma, in rubuta a takarda: rana, yanayin ƙasa, zafi ko sanyi, abin da na canza, abin da agogo ya ce. Kamfanoni ma suna da takardar saiti da ake cikewa, kuma suna wallafa na manyan direbobinsu a intanet kyauta. Ka duba su, amma ka tuna a wace irin ƙasa aka yi su.

Misali, a ce motarka mai ja da baya tana ƙin kwana wajen shiga. Tambaya ta farko, ba da gudu da yawa kake shiga ba? Gwada sakin totur da wuri. In har yanzu tana turawa, duba tayoyin gaba ko sun cinye. In lafiyarsu ƙalau, sauke gaba da milimita ɗaya. Bai isa ba? Matsar da batir gaba. Sai bayan wannan ka je ga sifirin mai taushi ko mai mai ruwa a gaba. Ka lura na fara da abin da ba ya cin ko sisi.

In kuma a fita ne baya yake kwashewa, fara da yatsanka, ka riƙa jan totur a hankali har sai motar ta miƙe. Sannan tayoyin baya, sannan batir ya koma baya, sannan ƙarin tsukewar tayoyin baya.

Ga wanda yake da irin motar nan a nan gida, abu biyu za ka kula da su. Zafi yana sa man silikon ya yi ruwa, don haka saitin da wani ya yi a ɗaki mai sanyi a Turai zai yi maka taushi da rana tsaka a watan Afrilu, sai ka ƙara kaurin man mataki ɗaya. Na biyu ƙura, musamman da hunturu. Tana cin boris, kuma in injin naitiro ne, matatar iska mai datti ko wadda ta fita za ta iya kashe maka inji a zama ɗaya. A filin ƙwallo mai rairayi, dogayen haƙora da ɗan ƙarin tsayi za su fi yi maka aiki.

A nan za mu dakata. Wanda yake da mota, ya gaya mana irinta, da irin ƙasar da yake gudu a kai, da kuma inda take ba shi matsala, shiga kwana ko fita. Daga cikin tambayoyinku za mu zaɓi wasu mu warware su ɗaya bayan ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.